An sayi kamfani, amma alfarmar Alhaji ba ta cikin cinikin



Na san na yi alkawarin wannan makon za mu ƙarasa maganar kuɗin makaranta, to amma ku yi mini afuwa, wani zance ya sha gabanta. Cikin masu sharhi a ƙarƙashin rubutun makon jiya akwai wata baiwar Allah da ta ce ita ba tsadar makaranta ce ke hana ta barci ba. Wurin aikin maigidanta ne wani babban kamfani ya saya, kuma tun ranar da aka sanar bawan Allah bai sake cinye tuwonsa ba. Da ya shigo sai ya zauna ya tasa waya a gaba, in yara sun yi motsi ya daka musu tsawa. Ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan. Na daɗe ina kallon saƙon nata, saboda a gidanmu an gani, kuma shawarar da ni na bayar a lokacin, da an bi ta da an tafka asara.

Ƙanwata abin ya faru da ita, wadda take bi na. Akanta ce a wani kamfanin rarraba magunguna a nan Kano. Ba zan kama sunansa ba, haka ma na waɗanda suka saye shi. Wani dattijo ne ya kafa shi, kowa Alhaji yake ce masa. Ma'aikatansa ba su wuce arba'in ba, kuma ya san sunayen 'ya'yan kusan kowa. Shekararta bakwai a wurin. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi takan yafa mayafinta ta je ta kwaso yara daga makaranta, ta sauke su wurin Hajiyarmu, ta koma ofis kafin biyu da rabi. Babu wanda ya taɓa tambayarta ina za ta. Da azumi ƙarfe uku ake tashi. In an yi wa ma'aikaci rasuwa, a motar kamfani ake zuwa gaisuwa, Alhaji a gidan gaba. Da sallah akwai buhun shinkafa, wata shekarar har da turmin atamfa ga mata.

Girma ya kama Alhaji, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa, babu mai sha'awar sana'ar. Sai ga wani kamfani daga Legas, wanda dama ya riga ya sayi irin waɗannan ƙananan kamfanoni biyu a wasu jihohi, ya yi tayi. Aka yi ciniki. Ranar da aka tara ma'aikata aka gaya musu, an raba lemo da riguna masu sabon tambari. Wani matashi cikin kwat ya miƙe ya ce kada kowa ya damu, babu abin da zai canza, yanzu an zama dangi ɗaya.

Ki riƙe wannan maganar, 'yar'uwa, domin kusan duk inda aka sayi kamfani sai an faɗe ta. Sau da yawa ma mai faɗar bai yi nufin ƙarya ba. Abin da ya gani a takarda yake magana a kai: albashi, matsayi, lokacin zuwa da na tashi. Fitar ƙarfe ɗaya da rabi ba ta cikin kowace takarda, tashin ƙarfe uku da azumi ma haka. Lauyoyi da akantocin da suka yi watanni suna bincike kafin a biya kuɗi sun ƙirga katan-katan na magani, sun ƙirga motoci da bashin da ake bin asibitoci, amma babu layin da ya nuna musu cewa akwai wata mai yara uku da ake ɗaga wa ƙafa. Wannan a cikin kirkin Alhaji yake, kuma Alhaji ya tafi gida da abinsa.

Wata guda bai cika ba aka liƙa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. In ka fita ka dangwala, in ka dawo ka dangwala, lissafin kuma kai tsaye Legas yake tafiya, wurin mutumin da bai taɓa ganin fuskarka ba. Ƙarshen wata ƙanwata ta ga an zaftare mata kuɗi, wai ba ta cika awannin aiki ba. Sabon manaja ya ce shi ma ba daga gare shi ba ne, kwamfuta ce. Kuma gaskiyarsa.

Kada wata ta ɗauka wannan abu ne da ke faruwa jefi-jefi. Duk wadda ta kai shekara arba'in a ƙasar nan ta ga bankuna sun haɗiye juna a kan idonta. A Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ce dole kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a lokacin, da wa'adi ya cika suka koma 25. Bank of the North da iyayenmu suka sani, mai doguwar hedikwata a nan Kano, yana cikin bankuna tara da aka narkar aka samar da Unity Bank a farkon 2006. Ki ƙiyasta: ma'aikatan gidaje tara, kowanne da tsarin albashinsa da yadda ya saba gaida shugabansa, an wayi gari an ce su zama abu guda. A 2009 kuma, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, aka sauke shugabannin wasu manyan bankunan da suka shiga matsala, daga baya Ecobank ya karɓi Oceanic, FCMB ya karɓi Finbank. Sai ga wani zagayen a Maris ɗin 2024, da Babban Bankin ya sake ɗaga jarin: naira biliyan 500 ga banki mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, da wa'adin ƙarshen Maris 2026. A Agustan 2024 ɗin aka amince da shirin haɗe shi kansa Unity da Providus.

Amma in ana neman kamfanin da ya girma da saye-saye, Access Bank ne misalin da ke kusa da mu. A 2002 ƙaramin banki ne da ba kowa ya san shi ba, lokacin da Aigboje Aig-Imoukhuede da marigayi Herbert Wigwe suka baro GTBank suka karɓi ragamarsa. A 2005 ya haɗe da Marina International Bank da Capital Bank International. Tsakanin 2011 da 2012 ya karɓe Intercontinental, wanda a lokacin ya fi shi yawan rassa nesa ba kusa ba. A 2019 ya haɗe da Diamond Bank, masu ajiya a cikinsa suka kai kimanin miliyan 29. Daga nan ya ci gaba da saye a Kenya, Zambiya, Afirka ta Kudu, Botswana da Mozambik, a 2023 kuma ya ƙulla yarjejeniyar karɓar rassan Standard Chartered a Angola, Kamaru, Gambiya da Saliyo.

Ga masu hannun jari wannan labarin bunƙasa ne, kuma ba na ja. Ni dai in na karanta irin wannan jeri, gidaje nake gani. Kowane suna a ciki dubban mutane ne da suka kwana ma'aikatan wani wuri suka tashi ma'aikatan wani. A titi ɗaya za ki ga reshen wannan banki yana kallon reshen wancan. Da an zama ɗaya, manaja biyu ne a kan kujera ɗaya, mai kula da kuɗi biyu, mai gadi huɗu inda biyu sun isa. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa a sayi kamfani tun farko ke nan. A takardun da ake ba masu hannun jari ana kiransa rage kashe kuɗi. In an juya shi zuwa harshen gida, kujerar mijin wata ce.

Access ya yi wata dabara bayan haɗewa da Diamond: ya sauya tambarinsa ya shigar da siffar lu'ulu'u, ya kuma bar asusun DiamondXtra da sunansa, don masu ajiyar da suka saba kada su ji an share gidansu. Tambari dai yana da sauƙin haɗawa. Shekara guda bayan haka, cikin kullen korona na 2020, wani bidiyo ya fita inda Wigwe ke gaya wa ma'aikata cewa zai rage kashi 40 na albashinsa, kuma bankin ba zai buƙaci yawan masu gadi, masu shara da masu biyan kuɗi a kanta kamar da ba, waɗanda galibinsu ta hannun wasu kamfanoni aka ɗauko su. Ƙasa ta ɗauka. Bankin ya musanta cewa yana shirin korar kashi 75 na ma'aikatansa, Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna kuma suka fitar da sanarwa cewa kada wani banki ya sallami kowa, na dindindin ko na wucin gadi, sai da izini. Abin da na ɗauka a wannan lamari shi ne waɗanda aka fara ambata. 'Yan matanmu da yawa da kike gani a kantar banki sanye da kayan bankin, in kin duba takardarsu za ki ga sunan wani kamfanin kwantiragi ne a sama. In 'yarki ko ƙanwarki na irin wannan aiki, ki tambaye ta yau: sunan wa ke kan takardarki?

Mu koma kamfanin magani. Kafin wata biyu ofis ya rabu gida biyu, 'yan Alhaji da 'yan Legas. Babu wanda ya shirya hakan, haka kawai ya kasance. Taron da aka saba yi da Hausa ana raha ya koma Turanci da allon majigi, waɗanda suka fi kowa sanin kasuwar suka koma shiru saboda tsoron kada su yi kuskure a yi musu dariya. Akwai wani dattijo mai kula da sito, shekararsa 18 a wurin, kowa Baba yake ce masa. Sabon manaja, sa'an ɗansa na biyu, ya riƙa kiran sunansa gatsal a gaban lebura. A wurin yaron wannan wayewa ce, domin a hedikwatarsu har shugaban kamfani da sunansa ake kiransa. A wurin Baba kuwa an tsinka shi ne. Su baƙin suna ganin mutanen nan ba su ɗauki aiki da muhimmanci ba, yau suna, gobe gaisuwa, jibi ɗaurin aure. 'Yan gida kuma suna ganin an turo musu yara marasa tarbiyya da ba su san cewa mai kemis ɗin da ka je wa gaisuwar mahaifiyarsa shi ne zai biya ka bashi kafin ya biya wani ba.

Wannan ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. Kamfanin Daimler na Jamus, masu ƙera Marsandi, ya haɗe da Chrysler na Amurka a 1998, aka yi ta shelar cewa auren sa'o'in juna ne. A 2007 Daimler ya sayar da mafi yawan Chrysler a kan kuɗin da bai kama ƙafar na farko ba, kuma masu nazari da dama sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan yadda ɗabi'ar aikin ɓangarorin biyu ta ƙi jituwa.

A wata na uku aka raba wa kowa ambulan. Sabuwar takardar ɗaukar aiki ce da sunan sabon kamfani, an ba su kwana uku su sa hannu su mayar. Ƙanwata ta zo gidana bayan magariba da takardar a jaka, lokacin tana da cikin wata huɗu. Ta ce, "Yaya, ki duba mini, wallahi gabana faɗuwa yake." Na leƙa shafin farko, na ga har an ɗan ƙara mata albashi. Na ce, "Ke dai ki gode wa Allah ki sa hannu. Mutum nawa ke yawo da takardu a gari? Kada ki ja su ce kin cika ƙorafi." Haka na ce mata, ba zan ɓoye muku ba.

Mijinta ne ya tare abin. Malamin makaranta ne, irin masu karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. A shafi na uku ya ga an rubuta cewa ranar fara aikinta ita ce ranar da ta sa hannu, kuma za ta yi wata shida na gwaji kafin a tabbatar mata da aikin. Wato shekara bakwai sun tafi a layi ɗaya. Ya nemi littafin ƙa'idojin sabon kamfanin, ya tarar hutun haihuwa da albashi sai wadda aka tabbatar wa aiki. Ita kuwa ko wata huɗu ba za ta yi ba kafin lokacin hutun ya zo. Da ta bi maganata, da ta haihu a matsayin sabuwar ma'aikaciya mai zaman gwaji, wadda za a iya sallama da ɗan gajeren gargaɗi.

A nan akwai abin da ya kamata kowace mace ta sani, ko ita ke aikin ko maigida. Sayen kamfani iri biyu ne. Wani lokacin hannun jari ake saya, kamfanin yana nan da sunansa da rajistarsa, masu shi ne kawai suka canza. A irin wannan, tsohuwar takardarki na nan da ƙarfinta, shekarunki na ci gaba da ƙirguwa. Wani lokacin kuma kadarori da kasuwancin ake kwashewa zuwa wani kamfani dabam, ko a narkar da tsohon gaba ɗaya. A nan ne ake raba sababbin takardu, a nan ne kuma shekaru ke salwanta in ba a lura ba. Tambayar farko ke nan da za a yi: wanne aka yi mana?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta taɓo wasu daga cikin waɗannan. Sashe na 10 ya ce ba a mayar da yarjejeniyar ma'aikaci daga wani ubangida zuwa wani sai da yardarsa. Sashe na 20 ya ce in za a rage ma'aikata saboda sun yi yawa, a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da duba ƙwazo da cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Kin ga amfanin ranar fara aiki. Sashe na 54 shi ne namu: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, aƙalla rabin albashi in mace ta yi wata shida ko fiye a wurin, rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ba a miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun. Sai dai dokar tana da iyaka. Ma'aikacin da take nufi bai haɗa da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na ƙwararru ba. Akanta irin ƙanwata, ko jami'in banki, mafi yawan kariyarsa tana cikin takardar da ya sa wa hannu da littafin ƙa'idojin kamfani, su ne kuma za a fara buɗewa in magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Shi ya sa karatun shafi na uku ya fi ƙarin albashin shafi na ɗaya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta imel cikin ladabi, layi biyar, ta yi godiya, ta roƙi abu biyu: a rubuta ainihin ranar da ta fara aiki, a kuma cire zaman gwajin. Kwana ukun suka wuce ba amsa. Ni a lokacin har na fara cewa a raina ga shi nan ta janyo wa kanta. Rana ta tara sai ga sabuwar takarda da gyaran. Matar da ke sashen kula da ma'aikata ta kira ta ta ce takarda iri ɗaya suke tura wa duk wanda aka ɗauka, babu wanda ya zauna ya yi tunanin tsofaffin ma'aikata. Ko hakan ne ko ba hakan ba ne, Allah masani. Abin da na sani shi ne waɗanda suka tambaya an gyara musu, waɗanda suka sa hannu tun ranar farko don nuna biyayya ba a gyara musu ba. Baba mai sito yana cikin na biyun.

To, adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen, don kada a ce Alhaji waliyyi ne, baƙi kuma azzalumai. Zamanin Alhaji albashi yakan kai biyar ga wata, wani lokacin goma, gwargwadon yadda asibitoci suka biya. Da aka zo tantance takardu ƙanwata ta gano akwai watanni da dama da aka cire mata kuɗin fansho amma ba a zuba a asusunta ba. Kujerar babban akanta kuma ta ɗan ƙanwar Alhaji ce, ko da ita ke yi masa aikin. Alfarma tana da daɗi in kana cikin waɗanda ake yi wa. Akwai wata a wannan ofis ɗin, ita ma mai yara, da jininta bai haɗu da na Alhaji ba, ba ta taɓa samun fitar ƙarfe ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara. Yanzu 25 ga wata albashi ke shiga ko ana ha-maza-ha-mata. Akwai inshorar lafiya har da yara. Da aka buɗe gurbin mai kula da lissafin jihohi uku, a allo aka liƙa, ƙanwata ta nema aka yi mata jarrabawa ta samu. A gidan Alhaji da sai dai ta tsufa a kujerarta.

Tunda na ambaci fansho, bari in tsaya kaɗan. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Asusun na ma'aikaci ne, lambarsa ba ta canzawa don an sayi kamfani. In mutum ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ke ciki. Dokar ta kuma wajabta wa kamfani yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Lokacin da ake sauya takardu shi ne lokacin duba ko an zuba duk watannin baya, domin da zarar tsohon mai kamfani ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bin sawu ya zama aiki. Shi ne kuma lokacin duba sunan wa aka rubuta a matsayin magaji. Na san gidan da mutum ya cike fom tun yana saurayi, ya rubuta sunan wansa, bai sake waiwayarsa ba har ya haifi biyar.

Inshorar lafiyar ma da nata tarkon. Sabon kamfani yakan zo da kamfanin inshorarsa, shi kuma da jerin asibitocinsa. Asibitin da ƙanwata ke awo tun cikinta na fari ba ya cikin jerin. Sai da ta zaɓa: ta bar likitar da ta san tarihinta a wata na shida, ko ta biya daga aljihu. Ta biya.

Maganar ƙarfe ɗaya da rabi kuwa, da ta ga yadda takarda ke aiki a wurin mutanen nan, sai ta sake rubutawa. Ta roƙi a mayar da hutun cin abincinta zuwa ɗaya da rabi, ta riƙa shigowa bakwai da rabi na safe. Aka amince, aka shigar a kwamfuta, na'ura ta daina ci mata kuɗi. Waccan ɗin da Alhaji bai yi wa ba ita ma ta nema ta samu. Da azumi ya matso ma'aikata suka haɗu suka rubuta takarda ɗaya, aka yarda a tashi ƙarfe huɗu tunda ba a fita cin abinci. Motar zuwa gaisuwa dai ba ta dawo ba, an ce inshorar motocin ba ta yarda ba. Sai suka buɗe zaure a WhatsApp suna tara ɗan abin da ya samu duk wata don suna da rasuwa. Abin mamaki, biyu daga cikin 'yan Legas ɗin suka ce a saka su. Shinkafar sallah kam sai tarihi.

Yanzu gare ki, baiwar Allah mai tambaya. Abin da ke cin maigidanki shi ne rashin sani. Ba a ce an kore shi ba, ba a kuma ce yana nan ba, kullum sai jita-jita, yau a ce jerin sunaye ya fito, gobe a ce za a tura rabinsu Legas ko Fatakwal. Wataƙila ma an ce ya sake zama a yi masa tambayoyi a kan kujerar da ya shekara goma a kanta, gaban yaran da ya girme su. Namiji ba ya son kawo irin wannan gida. Kada ki tare shi kullum a bakin ƙofa da "yaya, an ce wani abu?" Kada kuma zancen ya fita zuwa gidan suna, a fara kiransa ana yi masa jaje tun abu bai faru ba. Ki nemi daren da ya ɗan sake, ki ce masa kin karanta labarin wata da aka kusa share wa shekara bakwai, ko su ma an raba musu sabuwar takarda?

Abin da ke hannunki kuma ki yi shi ba tare da hayaniya ba. Wannan ba shekarar shiga babban adashi ba ce, ko ɗaukar kujeru da firij bashi. Ki tambaye shi ko akwai rancen ofis a kansa, na mota ko na gida, domin in aka sallami mutum daga kuɗin sallamarsa ake fara cirewa, wani ya fito hannu rabbana. Ki sa ya kawo gida kwafin takardar ɗaukarsa ta farko, da na ƙarin girma, da takardun albashi na watannin baya, ki adana inda kike ajiye takardun haihuwar yara. Ranar da aka sallami mutum, kafin ya kai bakin ƙofa an rufe imel ɗinsa na ofis. In a banki yake, akwai ƙungiyar manyan ma'aikata ta ASSBIFI da ta ƙanana ta NUBIFIE, ya bincika ko wurinsu na ciki. Waɗanda mazansu ke kamfanin da ya yi sayen ma kada su miƙe ƙafa. In kujera ɗaya ce mutum biyu, ba kullum ɗan gida ke zama ba.

Baba mai sito an sallame shi bayan shekara guda, lokacin da aka haɗe sitonsu da na wata jiha. Aka yi masa lissafin sallama a kan shekara ɗaya, domin abin da takardar da ya sa wa hannu ta ce ke nan. Alhaji da kansa ya kira Legas ya yi magana, aka karɓe shi da girmamawa, aka ce za a duba. Wani lauya ɗan unguwarsu ya ɗauki maganar zuwa Kotun Ma'aikata, kuma abin da ya fara nema shi ne takardar ɗaukar Baba ta farko. Iyalinsa ce ta fito da ita daga ƙasan akwatinta, a naɗe cikin leda. Ana nan ana zama.

Ki rubuto mana a ƙasa wane irin saye aka yi a wurin maigidan naki, da ko an raba takardu, ba sai kin kama sunan kamfani ba. Akwai lauyoyi da ma'aikatan banki cikin masu karanta mu. Maganar kuɗin makaranta kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.